Rariyar da aka yi da ruwa

A 1968 Norman Li, masani a kamfanin Esso na Amurka, ya sami rajistar wata dabarar raba gaurayen mai: a lulluɓe kowane ɗigo da tantanin ruwan sabulu. Sinadarin tolwin ya fi heftan narkewa a ruwa, saboda haka shi ke fara ratsa tantanin, ya bar ɗan'uwansa ciki.

Hausa ta ɗauki wannan bayani, ba a yi wani sabon aro ba sai sunayen sinadaran. Amma ɗan Bahaushen Gadarif, a Sudan, da Larabci yake karanta kimiyya, alhali a gidansu ya san rariya, da tacewa, da yadda man riɗi ke tasowa bisa ruwa. Ya kamata ɗalibin Hausa ya fara laluben irin waɗannan kalmomi kafin ya miƙa hannu aro. In ba a gwada su a fagen ilimi ba, a madafa za su tsufa.