A Riƙa Ƙawata Walimar Ofis da Kayan Gida

Malam Edita,

Ina roƙon fili in yi kira ga 'yan'uwana ma'aikata na Tambuwal da Kebbe. Yanzu idan wani ya samu ƙarin girma, ko ya yi ritaya, ko matasan ofis suka tuna ranar haihuwarsa, sai a bi kowa da karo-karo, a aika Sakkwato a sayo kek da balan-balan. Masinja da mai shara, da kunya ta hana su cewa babu, su ke shan wahala.

Ai muna da abin yi a hannunmu. Ga zaɓi guda: a sa wa walimar taken kaka. A shimfiɗa tabarmin kaba, a jingina damin gero a ƙofa, a jera faya-fayai masu launi a bango. A dama fura a sabuwar ƙwarya, a haɗa zoɓo, wata ta toyo masa daga gida. Kyautar ma a ba baduku ya ɗinka jakar fata da sunan mutumin. Kuɗin ya tsaya a kasuwar Tambuwal ko Dogon Daji.

Don Allah shugabannin sassa su bar yanka wa mutane adadin da za su bayar.

Wassalam.
Wata malamar makaranta, Tambuwal