Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Wayoyi da Kwamfutocin da Ke Riƙe da Sunayen Mutanen Diffa

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Diffa, da Shugaban Jami'ar Diffa, da shugabannin ƙungiyoyin agajin da ke aiki a kwarin Komadugu. Wannan wasiƙa tana roƙon su da su duba wani al'amari da ba kasafai yake shiga tarukan tsaro ba, alhali kuwa rayukan bayin Allah suna rataye da shi.

Tun daga ranar 6 ga Fabrairun 2015, lokacin da 'yan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa, da kuma harin da ya watsa Bosso a watan Yunin 2016, dubun dubatar mutane suka bar garuruwansu suka yada zango a gefen babbar hanya ta ɗaya, wasu kuma aka kai su sansanin Sayam Forage. Kowane buhun hatsi da kowace tabarmar da aka raba musu sai da aka yi rajista, aka ɗauki sunan maigida da ƙauyen da ya fito da yawan iyalinsa da lambar wayarsa, wani lokaci har da hotonsa da zanen yatsunsa. Da farko a takarda ake rubutawa, daga baya aikin ya koma cikin wayoyin masu ƙidaya da kwamfutocin ofisoshi, ta yadda a yau, bayan shekaru fiye da goma, kwafin waɗannan sunaye sun bazu a na'urori masu yawa, har da waɗanda masu su suka daɗe da barin aikin.

A yankin da ake sace mutane don neman kuɗin fansa, ake kuma kashe wanda aka zarga da kai rahoto ga jami'an tsaro, jerin da ke nuna wanda ya karɓi kuɗin tallafi, da ranar da za a sake rabo, da maigarin da ya sa hannu, makami ne idan ya faɗa hannun da bai dace ba. Duniya ta riga ta ga misalin haka. A watan Janairun 2022 Kwamitin Red Cross na Duniya ya sanar da cewa masu kutse sun kai ga bayanan mutane fiye da 515,000, galibinsu waɗanda yaƙi ko ƙaura suka raba da danginsu, kuma ƙofar da aka bi ita ce wata ɓaraka a manhaja wadda ba a toshe ta a kan lokaci ba. A ƙarshen shekarar 2022 kuma, ƙungiyar Chaos Computer Club ta Jamus ta bayyana cewa ta sayi tsofaffin na'urorin ɗaukar zanen yatsu na sojojin Amurka a kasuwar eBay, ta tarar da sunaye da hotuna da zanen yatsun mutane 2,632 a cikin ɗaya daga cikinsu, akasarinsu 'yan Afganistan da Iraƙi, babu wani makulli a kansu. Idan manyan hukumomi masu kuɗi da ƙwararru sun yi irin wannan tuntuɓe, to ofishin da kwamfuta ɗaya ke wucewa ta hannun mutum biyar ya fi kusa da shi.

Nijar ba ta rasa doka ba. Tun 2017 aka kafa dokar kare bayanan mutane, aka sabunta ta a watan Disamban 2022, akwai kuma hukumar HAPDP da ke sa ido a kanta. Sai dai tsakanin Yamai da Diffa akwai tafiyar fiye da kilomita 1,300, kuma doka ba ta kulle waya, sai an sami wanda aka ɗora wa nauyin kullewa. Abin da ake roƙon Mai Girma Gwamna shi ne umarni rubutacce ga kowane ofishi da kowace ƙungiya, cewa a naɗa mutum ɗaya mai kula da na'urori, wanda zai riƙe littafin da ke nuna kowace waya da kwamfutar aiki, da wanda take hannunsa, da irin bayanan da ke cikinta, ya kuma karɓe ta ya goge ta ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki.

Mafi yawan abin da ya rage ba ya cin kuɗi. Wayoyin Android na zamani suna zuwa da tsarin rufe bayanai, wato juya abin da ke ciki zuwa alamomin da ba sa karantuwa sai da mabuɗi, amma wannan tsari ba ya tsare komai idan ba a sa wa wayar lambar sirri mai ƙarfi ba, ko aka sa shekarar haihuwa, ko aka rubuta lambar a bayan marfi. Ya kamata a raba wayar aiki da wayar gida, domin wayar gida yara suna wasa da ita, ana barin ta wurin mai caji a kasuwa, ana kai ta wurin mai gyara a buɗe. Babbar matsala kuwa ita ce al'adar tura jerin sunaye ta zaurukan WhatsApp: saƙon yana tafiya a rufe, gaskiya ne, amma da ya isa sai ya sauka cikin wayar kowane ɗan zaure, har da wanda ya canza aiki ba a cire shi ba, kuma babu mai iya dawo da shi. Game da kwamfutoci, Microsoft ya daina bai wa Windows 7 gyaran tsaro a Janairun 2020, tallafin Windows 10 kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka kwamfutar da ba za ta ɗauki sabon tsari ba gara a sa mata Linux, wanda kyauta ne, ko a raba ta da intanet da filashin da ke yawo daga ofis zuwa ofis ɗauke da miyagun manhajoji. Ambaliyar Komadugu ta 2019 da waɗanda suka biyo ta kuma sun isa su tunatar da cewa bayanan da ba su da kwafi na biyu, rufaffe, a wani gini dabam, dare ɗaya zai iya tafiya da su.

Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014 da mai da hankali kan noma da muhalli, tana da rawar da babu mai taka mata. Manomin tattasai a bakin kogi yana bukatar sanin farashi da matakin ruwa, kuma manhajar da za ta amfane shi sai wanda ya san yankin ne zai tsara ta: ta yi aiki ba tare da intanet ba, ta zauna a ƙaramar waya mai arha, ta yi magana da murya cikin Kanuri da Fulatanci da Tubanci da Hausa saboda waɗanda ba sa karatun boko, ta kuma samu ga mai 'yar waya ta hanyar lambobin USSD, irin waɗanda ake dannawa da tauraro don duba kuɗin kira. Kayan aikin ƙidaya irin su ODK da KoboToolbox suna ba da damar rufe kowace amsa tun a cikin waya da goge ta bayan an aika, amma sai mai tsarawa ya kunna hakan da hannunsa. Darasin da ya fi cancanta a koya wa ɗaliban da za su yi wannan aiki shi ne su rage tambaya, domin idan rabon iri bai bukaci ƙabilar mutum ko daidai wurin da yake kwana ba, babu dalilin ɗaukar su, kuma abin da ba a tattara ba ba a sace shi.

Talakawa ma suna da haƙƙi a kan hukuma. Tsohuwar da ke miƙa wa mai shago wayarta da lambar sirrinta don ya ciro mata kuɗi, da ɗan kasuwar da 'yan damfara suka kira suka ce ya karanto lambobi shida da suka shigo wayarsa, ba wauta ce ta kai su ba, ba a taɓa yi musu bayani da harshensu ba ne. Gidajen rediyon gari a Diffa da Maine-Soroa da N'Guigmi za su iya ɗaukar wannan wayar da kai, a kuma tara masu gyaran waya da masu caji a horar da su, tun da amanar jama'a a teburinsu take kwana.

Abu na ƙarshe da umarnin ya kamata ya ƙunsa shi ne sassauci ga wanda ya kawo rahoto. Ma'aikacin da ya san za a zabge albashinsa idan wayar aiki ta ɓata a hanyar Bosso zai yi shiru, a cikin shirun nan kuma lokacin da za a iya goge ta daga nesa, a canza ranar rabo, a gargaɗi mutanen da sunayensu ke ciki, zai wuce. A rubuta ƙarara cewa duk wanda ya sanar a ranar da abin ya faru ba za a hukunta shi ba, a kuma ba kowane ma'aikaci lambar da zai kira ko da tsakar dare ne.

Allah ya taya riƙo, ya zaunar da Jihar Diffa lafiya.