Daga Tabarmar Malama: Allura Ba Ta Saki

Kullum bayan La'asar 'yan mata ke cika min tabarma a nan Talata Mafara, ina koya musu surfanin zanen gado da rigar filo. Makon jiya ɗayarsu ta ajiye allura, wai saurayinta ya samu shinkafa a noman ranin Bakolori, ya ce in an yi biki ba ita ba wahala.

Na ce, "Yarinya, ni ma haka aka ce min. Ran da aka miƙo min takardar saki, da goyo na fito. Allurar nan ce ta ciyar da mu."

Shekaranjiya sai ga ta: "Malama, ina muka tsaya?"

To ke fa, me hannunki ya iya? Sai fitowa ta gaba.