Hoton sarkin Faransa da tambayar wani yaro a Hamdara

Makon jiya ina koyar da tarihi a ajina a nan Hamdara, na ɗaga wani tsohon littafi mai hoton Luwi na 14, sarkin Faransa. Yara suka yi tsit suna kallo. Can sai wani ya ɗaga hannu ya ce: "Mushe, ina hoton Tanimun? Ko shi ba babban sarki ba ne?" Na ba shi amsar da ni kaina ba ta gamsar da ni ba.

Hoton nan, wani mai zane Hyacinthe Rigaud ya yi shi a 1701, yanzu yana gidan tarihi na Louvre a Faris. Sarki ya haura shekara 60 a lokacin, ciwon ƙafa ya matsa masa, haƙoransa sun zube. Amma dubi abin da aka zana: ƙafafu kamar na saurayi, takalmi mai jan dunduniya, gashin aro har kafaɗa, alkyabba shuɗiya tana jan ƙasa, takobi a ƙugu. An ce don jikansa Filib na 5, sarkin Sifaniya, aka yi shi, amma da Luwi ya gani sai ya riƙe abinsa. Wa zai ga laifinsa?

Ashe kirari ne, da fenti aka yi shi maimakon baki. Mu malamai mun daɗe muna nuna wa yara shi kamar hoton katin ɗan ƙasa, ba ma gaya musu cewa sarki ne ya biya aka gyara shi. Yaron da bai san haka ba zai ɗauka duk wanda ba a zana ba, ba kowa ba ne.

Tanimun kuwa, wanda ya rasu a 1884, nasa kirarin da ƙasa ya gina shi. Shi ya kewaye Birnin Damagaram da garu, a zamaninsa aka ƙera igwa a cikin garin, ayarin fatake suna tasowa daga Tarabulus su sauka a kasuwarsa. Makarantar horon malamai da na yi sunansa gare ta, amma sai da na fara aiki na tsaya na dubi ragowar garun nan da idon basira. Abin kunya ne, na faɗa.

Wani abokin aikina ya ce mu sa kwamfuta ta ƙirƙiro masa fuska, mu liƙa a bango. Ban yarda ba. Bayan shekara goma yaran nan za su rantse haka kamanninsa suke, mu ne kuma muka yi musu ƙaryar.

Na fi son in kwashe ajin mu tafi Birni, su ga ƙofar fada, su taɓa garu, su ji tambari idan an dace. Iyaye, kuɗin mota ne kawai ya rage, kuma zan kawo maganar a taronmu na gaba.