Duwatsu da Tsananin Zafi: Darasin Kayi da Abzin

 Ran 3 ga Afirilu 2024, ma'aunin zafi ya kai digiri 48,5 a garin Kayi na ƙasar Mali. Zafin ya game ƙasashen Sahel, har da Nijar, ga shi kuma ya faɗo cikin watan azumi. Tsofaffi da marasa lafiya da yawa sun rasa rayukansu.

Me ya sa Kayi ta fi sauran garuruwa shan wuya? Amsa tana ga shimfiɗar ƙasa. Garin yana cikin kwarin kogin Senegal, tsaunuka sun kewaye shi. Duwatsu suna shan rana tun safe, da dare kuma su amayar da zafin da suka tara. Iska ba ta samun hanyar ratsawa, saboda haka jiki ba ya hutawa ko bayan faɗuwar rana. Bugu da ƙari, iskar da ta gangaro daga tudu zuwa kwari takan matse, ta ƙara zafi da kimanin digiri 10 a kowace mita 1000.

A jihar Agadas, duwatsun Abzin suna nuna ɗaya fuskar al'amarin. Duk wanda ya hau mita 1000, zafi yakan ragu masa da wajen digiri 6. Agadas tana kan mita 500 da ƴan kai, tsaunin Bagzan kuwa ya kai mita 2022. Ke nan, ranar da mutanen birni suke neman inuwa, manoman Bagzan suna cikin sanyin da ke ba su damar noman dankalin turawa da tafarnuwa. Da hunturu kuma, iska mai sanyi takan sauko ta kwanta cikin kwaruruka da dare, har ruwa ya daskare a wasu wurare.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga aikin hukuma. Adadi guda da aka auna a filin jirgin saman Agadas ba zai faɗi halin da Timiya ko Iferwan suke ciki ba. Mai lambu, makiyayi da malamin asibitin ƙauye, kowa yana bukatar labarin wurin da yake zaune.

Tun da masana sun tabbatar cewa sauyin yanayi yana ƙara yawaita irin zafin 2024, wajibi ne a ƙara tashoshin awo cikin duwatsu da kwaruruka, a isar da gargaɗi ta rediyo cikin Hausa da Tamajak, a kuma tanadi ruwan sha tun kafin bazara ta kama. Garuruwan da ke cikin kwari su ne ya kamata a fara dubawa.