Hatsarin Jirgin Sojan Amurka a Japan, da Abin Lura a Cikinsa

Ran Laraba 29 ga Nuwamba 2023, a cikin watan Jimada Awwal 1445, wani jirgin sama na mayaƙan Amurka, irin wanda ake kira Osprey, ya faɗa teku daura da tsibirin Yakushima a ƙasar Japan. Ya taso daga Iwakuni za shi Okinawa wajen rawar daji. Mutum 8 ke ciki, ba wanda ya tsira. An tsamo gawa 7, ɗaya kuwa teku ta riƙe ta.

Shi wannan jirgi yakan tashi tsaye kamar mai saukar ungulu, sa'an nan ya karkata farfelunsa gaba ya miƙe da gudu. Saboda haka nauyin aikinsa yana bisa akwatin giya mai juya farfela. Masu bincike sun bayyana a watan Agusta 2024 cewa wani haƙorin giya ne ya tsage a akwatin hagu, ɓarɓashin ƙarfe ya riƙa zuba cikin mai. Na'ura ta yi gargaɗi, ta sake, ta kuma sakewa. Bisa ƙa'ida, bayan gargaɗi na uku sai a nemi wurin sauka, kuma akwai fili kusa. Amma matuƙin ya zarce bisa ruwa don a cika aikin da aka fito yi. Da abin ya tsananta suka nufi Yakushima, suna gab da sauka akwatin ya wargaje.

To, laifin wa ke nan? Mai gaggawar hukunci zai ɗora wa matuƙi, alhali ba ya da bakin kare kansa. Lalle ya yi jinkiri. Amma binciken nan ya nuna kuma hukumar da ke kula da jiragen ba ta sanar da matuƙa iyakar haɗarin wannan alama ba. Wanda bai san zurfin rijiya ba, yaya za a zarge shi shi kaɗai don bai ji tsoronta ba?

Ran 6 ga Disamba 2023 Amurka ta hana jiragen Osprey tashi, ba a sake su ba sai Maris 2024. Mutanen Okinawa, waɗanda suka daɗe suna ƙin jirgin nan bisa gidajensu, suka ƙara samun hujja.

Barin rawar daji ba shi ne magani ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya wajaba shi ne manya su faɗi aibin kaya ga wanda zai hau, kamar yadda shari'a ta hana mai sayarwa ɓoye aibin haja. Na ƙasa kuma a ba shi ikon tsayawa ba tare da tsoron zargi ba. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma yarda da ƙaddara ba ta kankare alhakin sakaci.

Allah ya kiyashe mu da ƙin jin gargaɗi, amin.