Likita Mace Muke So, To Wa Zai Riƙe Mata Goyo?

Mu maza ba ma gajiya da ƙorafin cewa asibitocinmu ba su da likitoci mata. Kowa na so idan ya kai iyalinsa awo ko haihuwa, mace ce za ta duba ta. Ni ma ina cikin masu wannan kuka, na sha yin sa a wannan fili. Amma a makon nan wata ƙanwata ma'aikaciyar jinya ta zo min da zancen da ya hana ni sakat. An fitar da sunayen waɗanda za a tura ƙaro karatu, babu nata. Da ta nemi dalili, shugabanta ya ce, "Ke da kike goyo, ina ke ina kwas?" Ba ta fashin aiki, ba a taɓa ba ta takardar gargaɗi ba. Laifinta kawai jaririyar da ke bayanta.

A takarda dai komai lafiya. Dokar ƙwadago ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Ma'aikatan tarayya suna da mako 16. Legas ta kai nata wata shida tun 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. To amma wace uwa ce rabin awa zai ishe ta ta tari Adaidaita Sahu daga Sabon Gari zuwa Kabuga, ta shayar, ta dawo? Abin takaicin, ita wannan ma'aikaciyar jinyar ce ke tsayawa gaban masu jego tana yi musu nasihar Hukumar Lafiya ta Duniya: nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a ba yaro. Tata jaririyar kuwa tana gida tana shan madarar gwangwani.

Iyayenmu mata ma ai ba zaman banza suka yi ba. Sun yi kaɗi, sun yi saƙa, sun soya ƙuli, wasu sun yi noma. Sai dai a babban gida suke. Akwai kaka, akwai gwaggo, akwai matar wa, kai har kishiya takan karɓi yaro ta goya. Mai haihuwar fari gidansu ake mayar da ita, a yi mata wankan jego, a dama mata kunun kanwa. Mun fice daga wannan gida mun tare a ɗaki biyu da falo, mun ja ƙofa, sannan muna mamakin yadda mace ɗaya ta kasa ɗaukar abin da mata biyar suke ɗauka.

Da me muka cike gurbin? Da 'yar aiki. Yarinya 'yar shekara goma a ɗauko ta daga ƙauye ta hannun dillaliya, a ɗora mata jariri, kuɗin watanta ma ba ita ke karɓa ba. Hajiya na hawa mataki a ofis, ita kuwa ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba. Wannan zalunci ne, kuma kada a rataya shi a wuyan Hajiya ita kaɗai, domin Alhaji ne ke biyan dillaliyar, shi kuma ya san shekarun yarinyar sarai.

Masu cewa ta zauna a gida ta yi raino suna da hujjarsu, sai dai kada gobe su zo suna neman ungozoma da ƙarfe biyun dare.

Tun 2021 gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin da aka yi wa haihuwa. Ku tambaye mu a ina yake ƙarewa: wajen cinikin ragon suna da majalisar abokai. Ba a taɓa cire sunan namiji daga jerin masu tafiya kwas don matarsa ta haihu ba, barka ma ake yi masa. Ma'aikaci daga mataki na 7 zuwa na 14 sai ya shekara uku kafin ya zauna jarrabawar ƙarin girma. Macen da aka tsallake saboda ciki, aka sake tsallakewa saboda goyo, sai ta waiwaya ta ga wanda ta koya wa aiki ya zama shugabanta.

Ɗakin rainon yara ɗaya nake nema a kowane babban asibiti da kowace sakatariya, da tabarmi, da fanka, da dattijai mata biyu masu albashi. Kuɗinsa bai kai na motar babban sakatare guda ba. Kwamishinonin lafiya su fara da asibitocinsu, tunda can ne mata ke aikin kwana.